Babu Dogo a Cikin Kaye

Shekaranjiya aka buɗe rumbunan tsimi na garinmu Madarunfa, na je na tsaya a gindin tsamiya ina kallo. Magidanta sun yi cincirindo, kowa da takardar lanhonsa, wato ta haraji, a hannu, ana ta ture-ture, gumi na zuba har ƙasar wurin ta isa a dasa shinkafa. Zafin bazarar bana kuwa ba a magana. Na ga ƙadangare a kan katanga yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya kamar wanda aka ɗora a kan garwashi. Wani tsoho da ke kusa da ni ya yi tsaki, ya ce yaran yanzu ba su san wahala ba. Na ce, "Baba, ni ma hwa ina da zamanina." Ya tambayi shekaruna, na ce goma sha bakwai. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

To, ya yi ta dariyarsa. Ni dai na ga shekarar sankarau da idona, bazara huɗu ke nan, kuma na ga yadda aka raba geron waɗannan rumbunan babu magidanci ko ɗaya a wurin.

Ga wanda bai sani ba, rumbun tsimi na gwamnati ne, amma abin da ke ciki namu ne. Kowace kaka sai kowane gida ya kai rabonsa na dammunan gero, a zuba a rumbunan da ke jere bayan gidan mai gari, a liƙe. Ba a buɗewa sai yunwa ta kama ko shuka ta zo. Ran nan maigida zai je da takardarsa, magatakarda ya duba sunansa a cikin kaye, wato babban littafin sunaye, a auna masa. Geronka ne, guminka ne, amma sai ka nuna takarda.

Gidanmu mu biyar ne. Akwai Baba, wanda duk gari ke kira Dogo, don in zai shiga ɗaki sai ya durƙusa wa ƙofa kamar surukarsa. Akwai Inna, da Kaka uwar Baba, da ni Barira, da ƙanena Idi mai shekara biyar a lokacin. Mu ba 'yan asalin garin ba ne. Daga wani ƙauye na wajen Gabi muka taso bayan rasuwar kakana, kuma da Dogonsa Baba ya zo. Ni ce 'yar lakwal, wato makarantar boko, a gidan. Da gardi, dogarin gwamnati, ya zo neman yaro ɗaya daga kowace unguwa, unguwarmu duka ta nuna ni da yatsa, don a samu a huta.

Daminar da ta gabaci shekarar ta yi mana rowa. Gero ya tashi da kyau har ya kai wuyan Baba, wato ya wuce kan kowa, sai ruwa ya ɗauke daidai lokacin da zangarniya ke neman ƙwaya. Muka girbe abin da ya samu. Dami ya yi sauƙi har Idi na iya ja da hannu ɗaya. Ana gama kai rabon rumbu, mazan unguwa suka ɗaura ƙunshi suka nufi Katsina da Kano cin rani, don bakin da ke cin tuwo ya ragu a gida. Baba ya tafi da su, da takardar lanhonsa a aljihu, saboda ana tambayarta a hanya.

Sai zafi ya sauko. Iska ta tsaya cik. Ruwan tabki ya ja baya ya bar taɓo mai tsattsagewa kamar ƙafar tsohon manomi. Ruwan randa da safe ma ɗumi gare shi. A cikin wannan zafin ciwon ya shigo. Mutum zai kwana lafiya, da hantsi ya ce kansa, kafin la'asar wuyansa ya sanƙare ya koma baya. Ina da halin ƙara gishiri a labari, kowa ya san ni da shi, amma a kan wannan ba zan ƙara komai ba. A mako ɗaya gida uku na unguwarmu aka yi kuka.

Kumandan, babban mai mulkin yankinmu, ya aiko da doka daga Maraɗi. Aka rufe kasuwa, aka rufe lakwal, aka tare hanya a Ɗan Issa, ba shiga ba fita, mazanmu suka maƙale a can. Aka hana taro kowane iri. Har daka, da matan unguwa ke haɗuwa su yi a gindin gawo turmi shida a jere, aka ce kowace ta yi a gidanta. Sai ka ji taɓarya ɗaya nan, ɗaya can, kamar ba su san juna ba. Wanda ciwo ya kama kuwa, ana kai shi bukkokin da aka kakkafa a bayan gari, da mutum ɗaya mai jinya, kuma ba su dawowa sai malamin asibiti ya sallame su.

Ranar wata Talata Idi ya ce kansa. Kafin azahar Inna ta goya shi ta bi gardi zuwa bukkoki. Aka bar ni da Kaka. Aikina shi ne in kai musu abinci sau biyu a rana. Akwai wani baƙin dutse da aka sa iyaka. A kansa nake ajiye akushi, in ja baya taku ashirin, Inna ta fito ta juye a nata, mu yi magana da ihu kamar masu faɗa a kan iyakar gona.

Abin da nake kai wa dutsen ya yi ta sauya kama. Da farko tuwon gero. Gero ya ƙare, muka koma dawa. Dawa ta ƙare, muka shiga wake. Wake ya ƙare, muka juya kan dusar da muka ajiye wa akuya, akuyar na kallonmu da idon da har yau ban manta ba. Daga nan sai bado. Da sassafe mata ke zuwa bakin tabki, kowace nesa da 'yar'uwarta, mu shiga taɓo har gwiwa muna lalube da yatsun ƙafa. Bado in ka ci shi kwana uku a jere, cikinka zai fara kukan kwaɗi, kuma ba ƙoshi. Na rame har in na juya gefe Kaka na nemana.

Ran nan sai mai shela ya bi unguwa yana cewa za a buɗe rumbun tsimi, amma kada wanda ya je bakin rumbu. Geron ne zai zo. Kowace unguwa da ranarta. Kowane gida ya fito da ƙwarya ɗaya da mutum ɗaya, mace ko namiji, tunda maza ba sa nan. Kuma ba za a ba da duka a lokaci ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ne, duk bayan kwana biyar.

Ranar unguwarmu Kaka ta rako ni, tunda ni yarinya ce, muka tarar an ɗaure igiya daga gawo zuwa kanya. Aka ce mu jera ƙoranmu a gindin igiyar, mu koma bayan wani layi da aka ja da toka, mu tsaya a warwatse. Can sai ga jakuna ɗauke da taiki, da gardi biyu, da magatakardan rumbu. Mutumin can bakin teku ne, siriri mai tabarau, ya ɗaure farin ƙyalle a hanci. Duk abin da aka faɗa masa sai ya ce "ankwar", wato a sake faɗa, don haka kafin rana ta take tsaka sunansa ya zama Mushe Ankwar, Mushe kuwa Malam ke nan da Faransanci.

Ya yi mana bayani da Hausarsa mai ɗingishi. An hana shi taɓa takardar kowa saboda ciwo, kuma ya san yawancin takardun sun tafi cin rani. Saboda haka kowace mace ta nuna ƙwaryarta daga inda take, ta faɗi sunan maigidanta, shi ya duba kaye ya ga bakin da ke gidan, gardi ya auna da tiya. A biro, wato ofis, inda aka tsara wannan, na tabbata sun ga abin ya yi kyau ƙwarai.

Ta farko a layi maƙwabciyarmu ce, Goggo Tambara. Gidansu Anna ne, masu bin addinin kakanni, kuma muryarta in ta kira akuyarta ta garin Safo ma tana amsawa.

"Sunan maigida naka?" in ji Mushe Ankwar.

"Shi," in ji Goggo.

"Shi wa?"

"Shi mana. Mai gidan."

"Suna! Suna nashi!"

Goggo ta juyo ta dube mu. "Jama'a, wanga yaro rabon gero aka aiko shi ko rabon aure?"

Mata suka rufe baki da gefen zane. Shi bai san abin da kowace jaririya ta garinmu ta sani ba: mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa kuma ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ni ɗiyar fari ce, da "ke" na girma. Har na shiga lakwal ina tsammanin Ke shi ne sunana na biyu. Ya tsallake Goggo ya tambayi ta biyu, ta ce "wancan". Ta uku ta ce "malam". Ta huɗu ta tsuguna tana zane a ƙasa. Ga gero a taiki muna jin ƙamshinsa, ga ƙorai a jere baki buɗe, ga rana na dukan tsakar ka, kuma tiya ko ɗaya ba a auna ba. Gumi ya jiƙa ƙyallen hancin Mushe har ana ganin haƙoransa ta ciki.

Goggo Tambara ce ta warware. Ta kalli Hajo matar maƙeri ta ce, "Ke Hajo, hwaɗi nawa in hwaɗi naki."

Shi ke nan. Ran nan matan unguwarmu suka yi musayar mazaje da rana tsaka. Kowace na kwarara sunan mijin maƙwabciyarta, wasu har da ƙari: "Mijin wagga Mamman, mai munsharin da ke hana mu barci!" Aka yi dariyar da aka yi makonni ba a yi ba. Gardi na aunawa, yana juyewa a ƙwarya ba tare da ya taɓa ta ba, jakuna na samun sauƙi.

Aka zo kanmu. Na nuna ƙwaryarmu, Goggo ta ce, "Dogo!"

Mushe ya bi kaye da yatsa daga sama har ƙasa. Ya juya shafi. Ya dawo.

"Ankwar?"

"Dogo! Dogo dai, wanda ya hi rumbunku tsawo!"

"Babu Dogo cikin kaye."

Na tattaro Faransancin da nake da shi, wanda duka bai cika ludayi ba, na tambaye shi dalili. Ya ji daɗin samun mai jin maganarsa, ya ce a kaye sunan yanka ake rubutawa, ba na wasa ba. Na ce to ya karanto sunayen da suka rage, in ya zo kan namu Kaka za ta ɗaga sanda. Ya girgiza kai. Ya ce ya gwada haka a wani ƙauye, mutum uku suka ɗaga hannu a kan sunan mamaci ɗaya, marayun gidan suka tashi babu komai. Tun daga nan aka ba shi doka, sai sunan ya fito daga wancan gefen igiya. Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ce geronmu na nan, ba mai taɓa shi, in na zo da suna bayan kwana biyar zai ba mu har da na yau.

Matan suka dubi juna. Ba wadda ta san Baba da wani suna. Na juya na kalli Kaka, ita kuwa tana kallon saman gawo kamar an aike ta ƙirga ganye. A nan ne na gane cewa ni Barira, da na san sunan kowane kare a Madarunfa da na uwarsa, ban san sunan ubana ba.

Da aka ce a ɗauki ƙorai, tamu kaɗai ce ta tashi da sauƙi. Goggo ta ɗebi tafi biyu daga nata ta zuba mana, Hajo ta ƙara, wasu ma suka ƙara, amma kowa abin da aka ba shi bai wuce bakin gidansa ba. Abin da muka tara na kwana biyu ne, in an sa masa ruwa da yawa.

A hanya na ce, "Kaka, mi sunan Baba?"

"Tambayi uwarki, ita ta aure shi."

Da yamma na kai akushi kan dutse, na ja baya, na haɗa hannu a baki. "Inna! Mi sunan Baba?"

Wani majinyaci a bukkar gefe ya yi dariya har da tari. Inna ta ce, "Ke! Kin haukace?" Na kwarara mata labarin igiya da kaye tun daga farko. Sannan ta ce, "Wallahi da na san shi da na hwaɗa, ko a tsakiyar kasuwa. Ranar ɗaurin aure ina ƙuryar ɗaki cikin lulluɓi, maza ne suka ji. Ban taɓa tambaya ba. Mi zan yi da sunan da ba ni kira?" Ta share fuska da zane. "Ki ce ma Kaka wuyan yaron ya saki. Malamin asibiti ya ce ciwon ya bar shi, yanzu yunwa ce abin tsoro. Bado ba ya zama a cikinsa. Kunu yake so, mai kauri."

Ashe duk faɗin garin, baki ɗaya ne ke riƙe da sunan, kuma bakin Kaka ne.

Na sa ta gaba kwana biyu. Tana zaune a inuwar rumbunmu da babu komai ciki tana kaɗi, ni kuwa ina jera mata sunaye ina duban fuskarta. Na ce in na faɗa daidai ta yi tari kawai. Na kira duk annabawan da na sani, na shiga sahabbai, na gangaro kan masu sayar da goro. Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Na ce ta raɗa mini a kunne. Ta ce raɗa ma kira ce. Na ce ta raɗa wa akuya ina laɓe. Ta jefe ni da mazari.

A rana ta uku geron taimako ya ƙare. Na daina wasa, na ce, "Kaka, kunya ce za ta kashe mana Idi?"

Ta ajiye audugar. "Ke ɗiyar nan, kina tsammanin kunya ce kaɗai? Bakwai na haihwa. Shida da bakin nan nike kiransu, safe da maraice, wane zo ka ci, wance zo ki sha. Ina suke? Shi ɗaya da ban taɓa kira ba, shi ɗaya ya saura mini. Yanzu yana can inda aka ce ciwon ya hi yawa, ki ce in tsaya a fili in ɗaga murya in nuna ma mutuwa inda shike?"

A lakwal an koya mana ciwo ba ya jin suna. Na buɗe baki in faɗa, na dubi fuskarta, na fasa.

Washegari na ce mata ƙafata na ciwo, ba zan iya kai akushi ni kaɗai ba. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce, amma ta ɗauki sanda ta biyo ni. Muka ajiye dafaffen bado a kan dutse. Inna ta fito da Idi a kafaɗa, ta tsaya a bakin bukka inda za mu gan shi. Ƙafafunsa na reto kamar karan dawa biyu. Kansa ya fi jikinsa. Kaka ta kare ido da hannu.

"Maigida!" ta kira shi, yadda ta saba yi masa wasa. "Kwanciyar mi kake yi, ga matarka ta zo?"

Muka ga bakinsa ya motsa, amma muryar ba ta iso ba. Inna ta kai kunne, sannan ta ɗago. "Ya ce in ba ki kawo kunu ba, ya sake ki."

"Ja'iri," in ji Kaka. "Da wane sadaki ka aure ni?"

Ta faɗa da dariya, amma dariyar ba ta biyo mu gida ba. Ko kaɗin ba ta taɓa ba ran nan.

Rana ta biyar aka sake ɗaura igiya. Zafi ya fi na kullum, sama ta yi fari fat, ko tsuntsu ba ya motsi. Matan suka yi musayarsu, yanzu sun gwanance, abin na tafiya kamar waƙar daka. Aka zo kanmu. Mushe Ankwar ya dube ni ta saman tabarau. Ban zo da komai ba, na sunkuyar da kai.

Sai na ji sanda a haƙarƙarina. Kaka ta ture ni gefe ta tako har kan layin toka. Ta tambayi Goggo ina hanyar Katsina take, ko da yake ta sani. Goggo ta nuna. Kaka ta juya wa hanyar baya sosai, ta fuskanci arewa, don sunan ya tafi inda mai shi ba ya nan. Ta dafa sanda da hannu biyu, ta ja numfashi, ta sake shi.

Jama'a, ban san akwai irin wannan murya a cikin wannan ɗan jikin ba. Shekara arba'in sunan na kwance a ƙirjinta yana tara ƙarfi. Belbelu suka tashi daga tabki. Jaki ɗaya ya yar da taikinsa. Na tabbata wani a Agadas mai irin sunan ya amsa. Kada ku sa ran in rubuta shi a nan. Ubana ne. Ranar da nake jera sunaye yunwa nake ji, yau kuwa na ci tuwo.

Amma da yake ta ba Mushe gefe, kuma kunnensa bai saba da namu ba, sai ya ɗago kai ya ce, "Ankwar?"

Kaka ta waiwayo a hankali. "Yaro, sau ɗaya na haihe shi."

Goggo Tambara ta cafe sunan tun bai faɗi ƙasa ba, ta miƙa masa dalla-dalla. Yatsan Mushe ya gangara, ya tsaya. "Akwai!" ya ce, kamar shi aka yi wa haihuwa. Gardi ya auna na ranar, ya auna na baya, ƙwaryarmu ta cika ta yi tozo har na cire kallabina aka juye sauran. Kaka ta zauna a ƙasa inda take. Ba wadda ta yi dariya.

Mushe ya tambaye ni me ya sa tsohuwar ta bari sai da aka kwana biyar. Na yi masa bayani da rabin Faransanci, rabin Hausa, sauran da hannu. Ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana kallon ƙoran da ke jere. Sai ya bi igiya daga wannan kai zuwa wancan, yana leƙa kowace ƙwarya, yana zana alamarta a kaye kusa da sunan gidan: mai zanen kifi, mai baki a gutsure, mai ƙunar wuta a gindi. Tamu mai tsaga ce da aka ɗinke sau uku, ya zana ta da ɗinkinta. Daga ran nan ba a sake tambayar kowa suna ba. Ka ajiye ƙwarya, a duba zane, a auna. Mun ji har Safo da Gabi haka aka koma yi. A zuwa na gaba kuma ya taho da jaki ɗaya daban na masu jinya, ana sauke musu a kan baƙin dutse kai tsaye. Shekaranjiya na leƙa kayen bana ta bayan magatakarda, sunaye ne zalla, babu ƙwarya ko ɗaya. Ya fi tsabta, ban musa ba.

Geron na shekara biyu ne, yana warin rumbu, da 'yan ƙwari a ciki. Ban taɓa jin turaren da ya kai shi ba. Na surfa, na daka har tafin hannuna ya yi ƙulu, Kaka ta dama kunu mai kauri da tsamiya, wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Idi ya sha rabi ya yi barci, ya tashi ya shanye. Bayan kwana uku ya zauna. Bayan mako aka sallame su, ya shigo gida a bayan Inna yana tambayar wa ya cinye dusar akuya.

Kaka ce ba ta warke ba. Tana ci kaɗan, ba ta kaɗi. Kullum da hantsi sai ta ce za ta duba danga, ta je ta tsaya a kusurwar da ake hango hanyar Ɗan Issa, har inuwa ta gudu ta bar ta. Na ce mata ai arewa ta aika sunan. Ta ce iska na juyawa.

Sai wata ranar la'asar gabas ta yi baƙi. Iska mai sanyi ta taso ta kwashe wankin mutane, aka yi tsawa ɗaya, ruwa ya kece. Ƙamshin ƙasa ya tashi har yana shiga maƙogwaro. Yara muka fita tsirara-tsirara, ban da ni, ni babba ce, da zanena na yi birgima. Ciwon ya fara ja baya kamar yadda tsofaffi suka ce yana yi in ruwa ya sauka. Aka kwance igiya, aka ƙone bukkoki, aka buɗe hanya.

Mazan suka fara dawowa biyu-biyu, uku-uku. Mijin Hajo ya dawo. Mijin Goggo ya dawo. Gida biyu saƙo ne ya zo musu maimakon mutum. Namu shiru. Mutane na shuka, mu ma muka fita da Inna muna yi, Kaka na kusurwar danga.

A rana ta tara na ga ta baro kusurwar da sauri, ta wuce ni ba ta ce komai ba, ta shige ɗakinta ta saki asabari. Na leƙa. Can nesa, a saman dangogin mutane, ga wani kai yana tafe shi kaɗai kamar tulu a kan iska.

Ya rame, ya yi baƙi, amma da ƙafarsa ya shigo. Ya ɗaga Idi sama ya juya shi ya duba wuyansa. Ya je ƙofar Kaka ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa daga ciki a gajarce, kamar wanda ya dawo daga rijiya. Sai da ya zauna a tabarma ta fito da ƙwaryar ruwa. Ya zaro takardar lanho daga aljihu, ta yi laushi da gumi, ya ce duk zamansa a can abin da ke hana shi barci ke nan, ya taho da ita ya bar mu babu.

"To wai ya aka yi suka ba ku geron?"

Inna ta duƙa tana gyara itacen murhu. Idi ya buɗe baki, na toshe shi da hannu.

"Wata tsohuwar banza ce ta yi ta ihu a bakin igiya," in ji Kaka. "Ba mu san ta ba." Ta tura masa ƙwaryar da ƙafar sanda. "Kai, wanga, sha ruwa ka tashi. Ƙasa ta jiƙa, mata na can suna yi maka shuka."